Shekara Nawa Yaro Zai Kai Kafin A Sakar Masa Mota?

Wanda duk ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora ran kasuwa, ya dubi masu kai da kawowa a bisa babura, ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana. A nan ne hanyar da ta fito daga Doguwa da Tudun Wada ta zo ta haɗu da babban titin Kano zuwa Zariya. Ga tireloli suna tahowa daga Kudu, ga motocin haya suna tsere da juna, ga kuma yaran ƙauyukan Kiru da Bebeji suna kutsawa tsakaninsu da kayan kasuwa. In ka lura da kyau sai ka ga wani yaron ko gashin baki bai fara ba, in zai tsaya sai ya karkatar da babur ɗin gefe guda kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. A bayansa ga buhun masara biyu, a bisa buhunan ga ƙanensa. Ubansa ne ya aiko shi, in kuwa ka tambayi uban sai ya ce maka, "Ai ya iya, ya ma fi ni."

Ba mu ƙaryata uban ba. Yaron ya iya tayar da babur, ya iya sa giya, ya iya ratsa yashi da taɓo inda babba zai faɗi. Abin da ya rage masa shi ne ya hangi tirela daga nesa, ya auna gudunta da ido, ya san ko zai tsallaka kafin ta iso ko kuwa gara ya dakata. Wannan aikin hankali ne, hankali kuwa da shekaru ya ke tafiya, shi ya sa ko wace ƙasa ta yanka wa tuƙi shekaru. Malaman makaranta da malaman ofis su ne waɗanda iyaye su kan tara da tambaya a kan irin wannan al'amari, sabo da haka ya kamata su san abin da doka ta ce, su kuma san hanyoyin da ke buɗe ga yaron ƙasar Kiru in ya ƙudura zai zama direba.

ABIN DA DOKA TA CE

A Nijeriya ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Haka ya ke cikin dokokin hanya na ƙasa waɗanda aka sabunta a 2012. Mutane da yawa a karkara suna zaton babur ba ya bukatar lasin, alhali kuwa shi ne ma na farko a jeri, watau rukunin A. Ƙaramar motar gida wadda nauyinta bai kai tan 3 ba ita ce rukunin B, sa'an nan sauran su biyo baya, da na manyan motoci, da na tarakta, har a kai rukunin J wanda aka keɓe wa naƙasassu. Wanda kuwa ya ke so ya ɗauki fasinja ko kayan mutane a mota da haya, ba a ba shi lasin wannan aiki sai ya kai shekara 26. Watau tsakanin ranar da aka yarda saurayi ya ja motar gidansu da ranar da aka yarda ya ɗauki rayukan jama'a a bas akwai shekara 8 cur. Dokar ba ta raba namiji da mace ba, ko da ya ke a ƙasarmu har yanzu in an ce direba namiji ne ke zuwa zuciya.

Hukumomi uku ne ke da hannu a lasin. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda jama'a ke kira 'yan Rod Sefti, wadda aka kafa cikin watan Fabrairu 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Akwai jami'an duba lafiyar motoci na jiha, watau VIO, su ne masu jarrabawa. Akwai kuma hukumar tara haraji ta jiha, mai karɓar kuɗi. Mai nema zai fara ne daga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ya karɓi takardar izinin koyo, a maƙala jan harafin L a gaban motar da bayanta, kuma ba zai hau titi ba sai da mai lasin a gefensa. In ya gama a ba shi takardar shaida, ya je VIO su gwada shi. In ya ci, ya biya kuɗi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi lasin wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihi ya fito, na shekara 3 ko na shekara 5. Yanzu kuma ba a yin ko ɗaya daga cikin wannan sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa.

Wani zai ce, me ya sa 18? Ai yaro ya balaga tun yana ɗan 15, a ƙauye ma wani an yi masa aure. To, balaga dabam, natsuwa dabam. Likitoci masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano cewa sashen da ke gaban goshi, wanda ke hana mutum aikata abin da zuciya ta raya masa nan take, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya ba shekara 20 baya da 'yan kai. Shi ya sa saurayi ya ke da saurin hannu da kaifin ido, amma in abokinsa ya wuce shi a guje ba ya iya haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 ko wace shekara, kuma a duniya duka babu abin da ya kai shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ga masu neman hujja daga wajen malamai kuwa, ai ko a mazhabarmu ta Malikiyya, in alamun balaga ba su bayyana ba, shekara 18 ce iyakar da ta shahara. Ashe lambar ba baƙuwa ba ce gare mu.

Akwai ƙasashen da su ke ba da izini kafin haka. A Ingila ɗan shekara 17 yana iya jan mota. A jihohi da yawa na Amurka ɗan 15 ko 16 yana karɓar takardar koyo. Amma a duba yadda waɗannan jihohi su ke yi. Yaron zai yi watanni ba ya tuƙi sai da babba a gefensa, bayan nan a sake shi da sharaɗi, kada ya yi tuƙin dare, kada ya cika motar da tsararrakinsa, sai ya daɗe ba a kama shi da laifi ba kana a ba shi cikakken lasin. Ƙasar Niyu Zilan ce ta fara wannan tsari na hawa-hawa a 1987, waɗansu suka kwaikwaya. Su sun rage shekarun, suka cika su da koyarwa. Mu namu shekarun sun fi nasu yawa a takarda, amma tsakanin ran da yaro ya fara riƙe kan babur, yana ɗan 12 ko 13, da ran da doka ta san da zamansa, babu wanda aka ɗora wa koya masa kome. Doka ta ce kada ya hau, shi kuwa ya riga ya hau. Nan ne gizo ke saƙa.

MAKARANTAR TASHA

Da can ba haka abin ya ke ba, gama akwai makarantar da ba ta da allo, ita ce ta yaye yawancin tsofaffin direbobin da ke raye a yau. Uba ya kan kama hannun ɗansa ya kai shi tasha, ya damƙa wa wani direban da ya yarda da halinsa, kamar yadda a ke kai yaro wajen maƙeri ko maɗinki. Daga ran nan ya zama karen mota. Shekararsa ta farko ko kusa da sitiyari ba ya zuwa. Aikinsa wanke mota tun da asuba, da duba ruwa da baƙin mai, da ɗaure kaya, da dira a guje ya tare taya da katako in gingimari ta tsaya a hawa. Yana kwana ƙarƙashin mota yana gadin kaya, yana cin abin da maigida ya rage. A hankali ya koyi cire taya da ɗaurawa, ya san kukan inji mai lafiya da na marar lafiya, ya haddace hanya, inda kwana ta ke, inda gada ta ƙuntata, inda shanu ke tsallakawa. Sai an jima kana a ce ya tayar da mota ta yi ɗumi, daga nan a ce ya gyara mata tsayuwa cikin tasha, daga nan wata rana a fili, babu kaya, babu fasinja, maigida ya matsa gefe ya ce, "To, bismilla." Kafin a kai shi jarrabawa ya shekara biyar ko fiye yana kallon hanya ta kafaɗar wani.

Kada a ɗauka muna yabon wannan makaranta ba tare da ganin aibinta ba. Akwai duka a ciki, akwai yunwa, kuma yaro ya kan rasa karatunsa ɗungum. Abin da maigida ya sani shi yaro zai sani, kuskuren maigida ma shi zai gada. In maigida mai wuce mota ne a kan kwana, ko mai shan ƙwayar hana barci, to, an yaye wani irinsa. Da yawansu kuma har su tsufa ba su san ma'anar rabin alamun da ke gefen titi ba. Amma tana da abu guda wanda ba a saye da kuɗi, watau jira. Yaro ba ya taɓa sitiyari sai wanda ya fi shi sani ya ga ya isa, kuma in ya yi ɓarna sunan maigidansa ne ya ɓaci a tasha. Har gobe wannan hanya tana nan a tashoshin Kwanar Dangora da Tudun Wada, ƙarƙashin ƙungiyoyin direbobi, musamman ga masu son manyan motoci.

Babur ne ya kawar da jiran. Tun da babura masu araha na ƙasar Sin da Indiya suka cika kasuwa, manomin da ya sayar da masara ko rake ya kan sayi ɗaya, ya zama shi ne jakin gida, shi ne motar asibiti, shi ne abin kai taki gona. Ba wanda ke zama karen babur. Wa ya koya wa ƙane a bayan gari da yamma, kwana uku an gama, ran na huɗu an aike shi kasuwa. Cikin Janairu 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni da kewaye, amma a karkara acaɓa ta ci gaba, domin ƙauyuka da yawa babu abin da ke shiga cikinsu da damina sai shi. Yaron da ya saba samun kuɗin kashewa da yini ɗaya a kan babur, wuya ne ka ce masa ya je ya yi shekara biyar yana wanke motar wani.

MAKARANTAR GWAMNATI DA TA 'YAN KASUWA

Hanya ta biyu ita ce wadda doka ta sani. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da tsarin tantance makarantun koyon tuƙi, wanda ya wajabta wa ko wane ɗalibi darasi 26 a ƙalla, ana shigar da su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kafin takardar shaidarsa ta fito. A nan a ke koyon abin da tasha ba ta koyarwa: alamun hanya, da wanda ke da haƙƙin wucewa a mararraba, da iyakar gudu. A babban titi irin na Kano zuwa Zariya ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 100 a awa, tasi da bas 90, tirela da tanka 60, cikin gari kuwa ƙaramar mota 50. Ban da makarantun 'yan kasuwa, gwamnatin Jihar Kano ta kafa tata makarantar koyon tuƙi cikin jerin makarantun sana'a da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya buɗe tsakanin 2011 da 2015. A Zariya kuma akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1986, inda a ke horar da ma'aikatan sufuri, har da direbobi.

Wahalar ita ce yawancin waɗannan makarantu a manyan birane su ke. Kwanar Dangora kusan tsakiyar tafiya ce tsakanin Kano da Zariya, balle a ce Riruwai, can bayan dajin Falgore. Ɗan talakan da zai je darasi sau 26, ko dai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa sau 26, ko ya nemi ɗan'uwan da zai sauka wurinsa a birni wata guda. Sau da yawa kuɗin zirga-zirgar ya kan fi kuɗin makarantar. Daga nan ne 'yan "kawo a yi maka" su ke samun ƙofa, a karɓi kuɗin mutum da hotonsa, a kawo masa lasin har gida bai taɓa ganin mai jarrabawa ba. Wani lasin ma na jabu ne, ba ya cikin rajistar gwamnati, mai shi ba zai sani ba sai ran da aka tsayar da shi. Hukumar da kanta ta sha dakatar da makarantun da ta kama suna sayar da takardar shaida ba tare da koyarwa ba.

Ko an yi darussan da gaske ma, kada uba ya zaci an gama. Wanda ya koyi tuƙi a titunan birni da rana tsaka bai san hanyar Falgore da dare ba, bai san yadda mota ke santsi a kan jar ƙasa bayan ruwan farko ba. A ganinmu yaron da ya fi dacewa shi ne wanda ya haɗa biyun: ya gama sakandare, ya yi hutunsa yana bin wani direba mai hankali ba tare da ya taɓa sitiyari ba, ya cika 18 ya je makaranta ya karɓi lasinsa ta ƙofar gaba, sa'an nan ya yi shekarun da suka rage kafin 26 yana tuƙi kusa da manya.

Uban da ya ga duk wannan dogon zance ne, ya tuna da abin da ke biyo bayan haɗari. Inshorar da doka ta tilasta wa ko wace mota, wadda kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, an yi ta ne domin a biya wanda aka yi wa ɓarna, amma in aka tarar marar lasin ne ke tuƙi, kamfani ya sami hujjar jayayya. A shari'ar Musulunci kuwa kisan kuskure diyya gare shi, raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya, kuma a kan dangin wanda ya yi kisan ta ke faɗawa. Yaron da aka aika kasuwa domin a tsimi kuɗin acaɓa yana iya jawo wa zuriyarsu bashin da gonakinsu duka ba za su biya ba.

RABON MALAMAI

Shekarun nan da muka ce babu mai koyarwa a cikinsu, ai yawancinsu yaro yana gaban malamin makaranta ne. Ba a ce malami ya koya wa yara tuƙi ba, doka ma ba ta yarda ba. Amma sanin hanya ba ya bukatar mota. Malamin lissafi yana iya sa 'yan aji su auna da kansu: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, watau kafin ka ƙirga huɗu ta ƙare filin ƙwallon makaranta. In kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki ninkuwa ya ke yi sau huɗu. A fita fili da igiyar awo, a kafa turaku, yaro ya taka nisan da ƙafarsa. Wanda ya yi wannan sau ɗaya zai daɗe bai yanka gaban tirela ba. Alamun hanya kuwa a zana su a bangon aji kamar yadda a ke zana taswira, a kuma yi maganar hular kwano, wadda yaranmu ke jin kunyar sawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗari a makarantu, hedimasta yana iya rubuta wa ofishinta mafi kusa ya nemi a zo a kafa masa, a kuma koya wa yara lambar kiran gaggawa ta hukumar, watau 122. Wanda ke shakkar ko wayar da kai na aiki, ya tambayi dattawa yadda aka yi ran 2 ga Afrilu 1972, sa'ad da Nijeriya duka ta bar bin hannun hagu ta koma dama. Da rediyo da sanarwa aka shirya direbobin da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba.

Malaman ofis kuwa nasu rabon ya fi ƙanƙanta a ido, amma dokar duka a kansa ta tsaya. Shekara 18 ba ta da amfani in ba a san ran da aka haifi yaro ba, ga shi kuwa a ƙauyukanmu haihuwa da yawa ba a kai ta rajistar Hukumar Ƙidaya. In bukata ta taso sai a je a yi takardar rantsuwar shekaru, a faɗi abin da aka ga dama. Sau da yawa shaidar gaskiya guda ɗaya da ta rage ita ce rajistar firamare, inda wani malami ya rubuta shekarar da aka kawo yaron aji ɗaya. Za a zo wa malamin ofis, ko hedimasta, a ce, "Malam, a taimaka a ƙara masa uku, ya sami abin yi." Mai roƙon maƙwabci ne, ko suruki, ƙin yi masa da nauyi. Sai dai malam ya yi lissafin da kyau kafin ya ɗauki alƙalami. Ukun nan ba a lasin farko za ta tsaya ba, gama shekarar da aka rubuta ita za ta shiga lambar shaidar ɗan ƙasa, ta bi yaron har abada. Ɗan 15 zai hau titin Zariya da takardar ɗan 18, in an jima kuma ɗan 23 ya zauna gaban bas cike da mutane, ya nufi Jos ta cikin Falgore da takardar ɗan 26, da sa hannun malam a ƙarƙashinta.